Gani Ya Kori Ji: Abin da Wayarka Za Ta Iya Yi wa Taimin ɗin Injekta a Gareji

Duk mai bin titin Kaduna zuwa Kano ya saba ganin tirela ko tifa a fake a wajen Ɗanmagaji ko kusa da gadar Kwangila, an kifa kan motar gaba, yaran gareji sun duƙufa a kan inji, direba kuma na gefe yana lissafin kwanakin da kayansa za su makara. In ka tambayi abin da ya faru, sau da yawa amsar ba ta wuce: "Injekta ce, taimin ya goce." Daga nan sai a ɗauko sifana, a sassauta famfon injekta, a murɗa shi dama, a murɗa shi hagu, a kasa kunne har sai ƙarar ta yi daɗi.

Ni ba bakanike ba ne. Aikina rubuta manhaja, kuma da waya da data na koye shi a nan Ƙofar Gayan. Amma ina da ra'ayi a kan wannan al'ada. Taimin lamba ce da ake aunawa, kuma murɗa famfo kafin a auna komai shi ne irin aikin da mu masu manhaja muka fi tsoro, wato ka canza abu cikin duhu, ba ka san inda ka taso ba, balle ka iya komawa. Matashin da ke riƙe da waya a gareji zai iya kawo ƙarshen wannan asara, in ya san abin da wayar ke iyawa da abin da ba ta iyawa.

Mene ne taimin ɗin?

Injin man gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ta fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Aikin famfon injekta shi ne ya tura man da ƙarfi, gwargwadon da ake buƙata, a daidai lokacin da ake buƙata, wato 'yan digirori kafin fistin ya kai ƙololuwa. Tun 1927 kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa domin manyan motoci, kuma jikokinsa ne ke cikin tsofaffin Mercedes 911 da MAN da DAF da ke ɗaukar hatsi da shanu zuwa Kudu har yau.

Mu yi ɗan lissafi. Injin da ke juyi 1,500 a minti yana juyi 25 a daƙiƙa ɗaya. Kowane juyi digiri 360 ne, ke nan digiri 9,000 a daƙiƙa. Kuskuren digiri biyar bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ya isa ya sauya yadda injin ke ƙona mai. In feshin ya yi wuri, injin na ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe da guduma, matsin da ke cikin silinda ya yi yawa, fistin da gasket su sha wuya. In ya makara, mota na wahalar tashi da safe, ta yi farin hayaƙi ko toka-toka, ta rasa ƙarfi a hawa, salansa ta yi zafi, lagireto ya riƙa tafasa, man kuma ya tafi a banza. A lokacin da litar gas ta haura naira 1,000, kamar yadda muka gani a 2024, wannan hayaƙin kuɗin mai mota ne ke tashi sama.

Hayaƙi alama ce kawai

A nan ne ake yawan zamewa. Duk alamomin da na lissafa, akwai wasu matsaloli da ke kawo irinsu. Farin hayaƙi da wahalar tashi na iya zuwa daga iskar da ta shiga layin mai, ko ruwa a cikin tanki, ko nozul mai ɗiga, ko injin da ringinsa ya cinye har ba ya matse iska sosai. Baƙin hayaƙi ya fi nuna toshewar filtar iska, ko matsalar tabo, ko famfon da aka buɗe wa mai fiye da kima. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir, irin wanda ake saya a jarka a bakin hanya, shi ma yana sauya ƙarar inji, kuma yana cin cikin famfo saboda ba shi da santsin da famfon ke buƙata.

Tambayar farko da mai gyaran manhaja ke yi ita ce: me aka taɓa kafin abin ya lalace? Famfon da aka ɗaure da kyau ba ya gocewa haka kawai. Ko dai an cire shi an kai saiti an mayar ba daidai ba, ko notocin mahaɗarsa sun sassauta, ko ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe giyarsa ya karye, ko na'urar da ke gaggauta feshi idan inji ya ɗau gudu ta cinye. In ba a taɓa komai ba, kuma matsalar ta faro ne bayan an sha mai a wani wuri, a fara da mai da filta. Su ne masu arha, su ne kuma masu saurin dubawa.

In bincike ya kai ga taimin, akwai tarko guda da ya kamata kowane yaron gareji ya haddace. Karanshaf na juyi biyu kafin famfo ya yi ɗaya. Saboda haka alamar da ke jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen nan na bayan inji, tana zuwa daidai sau biyu: sau ɗaya silinda ta farko na matse iska, sau ɗaya tana fitar da hayaƙi. Wanda ya ɗaura famfo a karo na biyun zai ga alama ta yi daidai, amma mota ba za ta tashi ba, ko batir nawa aka ƙona. Maganin shi ne a duba a ga bawul biyu na silinda ta farko duk a rufe suke. Tsallake haƙorin giya ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne. A ce giyar famfo haƙora 48 gare ta: haƙori ɗaya digiri 7.5 ne a famfo, 15 ke nan a karanshaf.

Hanyar aunawa kuma sananniya ce. A famfon da bututansa ke jere a layi, ana amfani da gwajin ɗiga: a cire ɗan bawul ɗin fitar mai na silinda ta farko, a ɗaura lanƙwasasshen bututu, a juya inji a hankali ta ɓangaren da yake juyawa har ɗigar mai ta tsaya, sannan a karanta digirin da ke jikin filawil. A famfo mai juyi irin VE na Bosch, agogon awo ake ɗaurawa a bayansa a ga milimita nawa sandar cikinsa ta motsa. Ko wanne aka bi, lamba za a samu, a gwada ta da lambar da masu ƙera injin suka rubuta.

Inda waya ke shigowa

Abu na farko, hoto. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a ja layi a jikin famfo da mazauninsa, a ɗauki hoto, a ɗauki na alamomin giya. Mu a manhaja ba ma canza komai sai mun ajiye kwafin da ke aiki. Na biyu, a ɗauki hoton farantin da ke jikin inji da na jikin famfo. Famfunan Bosch na ɗauke da lamba mai alƙaluma goma, kuma da ita ake neman littafin gyara na ainihi. In littafin da Jamusanci ko Sinanci ya zo, kyamarar Google Translate za ta karanta maka shi. Na uku, bidiyon hayaƙi a tashin farko na safe, kafin gyara da bayan gyara. Na huɗu, lissafin lita nawa mota ta sha daga Zariya zuwa Legas da kaya iri ɗaya. Ko a WhatsApp aka rubuta ya wadatar. Akwai kuma ƙananan na'urori biyu da suka cancanci kuɗinsu: siririyar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya a leƙa alamar filawil a lungu, da bindigar auna zafi da ake haska wa bakin kowace silinda a gane wadda ba ta ƙona mai.

Abin da waya ba ta iyawa shi ne ta san injinka daga nesa. Bidiyon YouTube da ka gani wataƙila a kan wata ƙaramar mota ce a Amurka mai famfo daban. ChatGPT da 'yan uwansa za su iya ba ka digiri da cikakken ƙarfin gwiwa, alhali inji mai suna ɗaya na iya samun lambobi daban saboda shekara ko irin famfon da aka ɗaura masa. Lambar da ba ta fito daga farantin inji ko littafinsa ba, a ɗauke ta a matsayin jita-jita.

A kula da ɗan sikana mai Bluetooth ɗin nan, ELM327, da ake tallatawa a intanet. An yi shi ne domin ƙananan motoci masu bolt 12. Manyan motocin Turai da Sin bolt 24 suke amfani da shi, kuma da yawansu da tsarin J1939 suke magana. Ka soka mai arha a tirela, ko dai ya ƙi karanta komai, ko ya ƙone. A tsohon injin da ba shi da kwamfuta kuwa, babu ma abin da zai karanta.

To kunnen oga fa?

Za a ce ogogin gareji sun shekara talatin suna saita injekta da kunne, motoci na zuwa Fatakwal su dawo. Gaskiya ne, kuma wanda ya raina wannan kunnen bai san inji ba. Oga na jin silindar da ke tsallake kafin kowace na'ura ta nuna. Sai dai kunne na gaya maka akwai matsala ne, ba ya gaya maka digiri nawa. Injin da aka ɗan makarar da feshinsa yakan yi laushin ƙara mai daɗin ji, alhali yana shan mai yana ɗaukar zafi. Kuma ilimin da ke cikin kunnen mutum ɗaya yana tafiya tare da shi, wanda aka rubuta kuwa yaro na biyar ma zai same shi.

Sannan motocin kansu na canzawa. Tun 1995 Denso ta sa tsarin bututun mai guda mai matsi a manyan motocin Hino a Japan, Bosch ta biyo baya a ƙananan motoci a 1997. A irin wannan inji kwamfuta ce ke yanke lokacin feshi, bisa saƙon da take samu daga sensar karanshaf da ta kamshaf. Murɗa famfo ba ya gyara komai, kuma sassauta bututu inji na aiki ganganci ne, domin matsin na haura ba 1,500, man na iya huda fata. Tsofaffin DAF da MAN da ake shigowa da su yanzu da kwamfutarsu suke zuwa, haka wasu daga cikin Howo, irin motocin da Dangote Sinotruk ke haɗawa a Legas. Matsalar taimin a cikinsu ta koma ta waya, sensa da lambar kuskure, wato fagen da mai son kwamfuta ya fi kowa saurin ganewa.

Zariya na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, tana Basawa tun 1986, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Jami'ar Ahmadu Bello. Da ƙungiyar makanikai ta NATA za ta zauna da ɗaya daga cikinsu a shirya gajeren kwas da Hausa kan awon taimin da karanta sikana, da yaran gareji da masu motoci duk sun amfana. Kafin nan, kai mai karatu da ke da ƙane ko aboki a garejin manyan motoci, ka ware yammaci ɗaya ka je da wayarka. Ka gaishe da oga, ka nemi izini, ka ɗauki hoton farantin injin da ke gabansu, ka nemo musu littafinsa. Lambar da za ku gani a ciki ita ce za a auna famfo da ita kafin wani ya ɗora sifana a kan noti.