Rumfar Reno Ta Sami Famfonta Ita Kaɗai

'Yan'uwa manoma, damina ta ja da baya, ƙungiyoyinmu kuwa sun soma shirin noman rani. A wurare da yawa an riga an kafa rumfar reno, ta zana ko ta raga, inda za a reni tumatir da tattasai da attarugu da kabeji kafin a kai su fadama. Waɗansu kuma suna renon mangwaro da lemo a cikin leda. Ba shakka maganar famfon feshi za ta taso a taron ƙungiya. Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta sayi ƙaramin famfo domin rumfar reno kaɗai, kada kuma a taɓa zuba masa maganin ciyawa ko da sau ɗaya.

Ga dalili. Yawancin ƙungiyoyi famfo ɗaya gare su, irin na goyo mai cin lita 15 ko 16 ko 20. Da damina yana yawo gida gida. Wannan ya zuba masa maganin ciyawa domin masara, wancan ya zuba nasa domin shinkafa. A gonar shinkafa akan yi amfani da maganin da ake kira 2,4-D, wanda aikinsa shi ne kashe tsiro mai faɗin ganye. Tumatir kuwa mai faɗin ganye ne, yana kuma cikin shuke-shuken da ba su jimre wa wannan magani ko kaɗan. Maganin yakan maƙale cikin tiyo da robobin famfo, ɗauraya ɗaya ba ta fid da shi. Ran da aka ɗauki famfon nan aka shiga rumfa da shi, ɗan abin da ya rage ya isa ya ɓata irin dashe na ƙungiya duka. Ganye ya nannaɗe, ya tsuke, kara ya murɗe.

Abin da ya fi muni, wannan alama ta yi kama da ciwon nannaɗewar ganye wanda farin ƙuda ke kawowa. Sai manomi ya ce ƙwari ne, ya sake ɗaukar famfon nan ya ƙara feshi. Ga hasarar iri, ga hasarar magani, ga mako huɗu ko biyar na reno sun tafi a banza. Wanda ya makara dashe kuwa ya san irin kasuwar da zai tarar.

Wani zai ce, ina kuɗin famfo biyu? Tambaya ce mai kyau, gama kuɗin ƙungiya gumin mutane ne. Amma rumfar reno ba ta bukatar babban famfo. Na hannu mai cin lita ɗaya ko biyu ya ishi ƙaramar rumfa. In rumfar tana da girma, a sayi mai cin lita 5, irin wanda ake bugawa a rataya a kafaɗa. Kuɗinsa bai kai na goyo ba. A gwada shi da kuɗin irin tumatir mai kyau na 'yan ƙungiya ashirin, sa'an nan a ga wanne ya fi tsada. Wani kuma zai ce a yi aro wurin maƙwabci. Zanen aro ba ya rufe katara, ba ka kuwa san abin da aka zuba a famfon jiya ba.

Akwai famfon da bai dace da rumfa ba ko da an ba ku kyauta. Injin feshi mai shan fetur iskarsa tana da ƙarfi, tana kwantar da ƙananan tsire-tsire, tana kuma cika rumfa da hazon magani. Haka kuma mai batir ɗin nan da ke juya faifai, wanda aka yi amfani da shi a gonakin auduga da wake. Shi iska ce ke ɗaukar masa magani ta watsa a fili. A cikin rumfa iska ba ta gudu, maganin sai ya tsaya yana yawo a gaban hancin mai feshi.

In za ku saya, kada kyan fenti ya ruɗe ku. Ku tambayi mai shago ko yana sayar da robobinsa da bakinsa da matacinsa. Famfon da ba a samun kayan gyaransa a kasuwar kusa, ranar da roba ɗaya ta tsage ya zama tulu. Ku sa a zuba masa ruwa a gwada a gabanku, ku duba ko yana yoyo a murfi ko a hannu. Ku duba bakinsa kuma. Baki mai fid da ruwa a zagaye, laushi kamar raɓa, shi ne na maganin ƙwari. Mai fid da ruwa a shimfiɗe da manyan ɗigo na maganin ciyawa ne. A shafa wa famfon ciyawa jan fenti, domin ko wanda bai iya karatu ba ya gane shi.

Famfo mai kyau ba ya aiki sai da hannu mai hankali. Darɓa da farin ƙuda a ƙarƙashin ganye suke zama, saboda haka a juya bakin famfo ya dubi sama. Ganye ya jiƙe ya isa, ba sai ya yi ta zuba a ƙasa ba. A auna magani yadda aka rubuta a jikin kwalba, a kuma duba ko tana da lambar NAFDAC. Ƙara magani ba ya ƙara kisa. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, yawan feshi kuwa bai tsai da ita ba, domin a cikin naman ganye take ɓuya. Raga mai kyau da cire ganyen da ya kamu tun a rumfa suna taimako ƙwarai. Ga darɓa kuma, a fara da 'ya'yan darbejiya: a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe famfo, a fesa da yamma.

Haka batun ciyar da shuka ta ganye. Takin zamani mai ƙwaya irin su NPK ba ya narkewa sarai, toshe famfo yake yi, wurinsa ƙasa ne. Yuriya tana narkewa, amma ga ƙananan tsire-tsire kada ta wuce giram 5 cikin lita ɗaya, a kuma fesa da sassafe ko da yamma, in ba haka ba ganye ya ƙone. Feshin ganye ƙari ne kawai. Ruɓaɓɓen takin gida a ƙasar reno shi ne tuwon shuka.

Saura lafiyar mai feshi, wadda ta fi tumatir daraja. A buɗe gefen rumfa kafin a fara. A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi da safar roba, a rufe hanci da baki. Yara da mata masu ciki ko masu goyo kada su yi feshi, kada su shiga sai ganye ya bushe. In bakin famfo ya toshe, kada a hura da baki, kada a soka ƙusa. A wanke da ruwa da tsinken ciyawa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan a famfo, a huda ta don kada a ɗebi ruwan sha ko mai da ita. Wanda ya ji ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko yawan miyau, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar. Madara da manja ba su karya dafin maganin ƙwari.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin da Allah ya ba mutum a gonar farko ya haɗa da noma da kuma kiyayewa. Mai bi da ya miƙa wa ɗan'uwansa famfo mai sauran maganin ciyawa bai kiyaye gonar ɗan'uwansa ba. Saboda haka a taro mai zuwa ma'aji ya kawo lissafi, a sayi famfon rumfa, a zaɓi mutum ɗaya ya riƙe shi. Malamin gona ya koya masa awo, shi kuma ya riƙa wanke famfon da sabulu bayan kowane aiki, ya rubuta abin da aka zuba da ranar da aka zuba. Ubangiji ya sa wa noman rani na bana albarka.