Mai Jiyya Shi Ne Bakin Mara Lafiya

Yau muna so mu jawo hankalin jama'a bisa wani al'amari wanda ba a cika zancensa a fili ba, ko da ya ke gidaje da yawa suna kwana ba barci saboda shi. Watau halin mutumin da aka yi wa maganin ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, aka sallamo shi daga asibiti, 'yan'uwa suka yi ta zuwa barka, sa'an nan bayan mako shida ko wata uku sai numfashinsa ya fara gajarta. Za mu kafa maganarmu a kan ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, gama can ne nisa da iyakar ƙasa suka haɗu suka tsananta abin, amma duk wanda ya taɓa zaman jiyya zai ga da shi mu ke.

Bagudo ƙasa ce ta bakin Kwara, cikin masarautar Gwandu, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahome. Cikinta akwai Illo, da Ka'oje, da Zagga, da Lolo, da Tsamiya. Mutanenta manoman shinkafa ne, da masunta, da makiyaya, da fatake. Na Lolo suna cin kasuwa da mutanen Malanbil, na Tsamiya da na Segbana, aure kuwa da zumunci ba su san inda Turawa suka ja layi ba. To, in ciwon daji ya kama mutumin wannan ƙasa, sai ya bi hanya zuwa Birnin Kebbi ko Kalgo. In likita ya ce sai an yi masa gashi da na'ura, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ke gaba da Birnin Kebbi da kimanin kilomita 150, ko kuwa Zariya, ko Abuja. Kafin a gama an sayar da sa, an taɓa rumbu, an ci bashi. Saboda haka ran da aka komo gida ba wanda ke son ya sake jin sunan asibiti.

Bari mu yi misali. A ce wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye na wajen Illo, an yanke mata nono, an yi mata allurai, an yi mata gashi a ƙirji, ta dawo ɗakinta. 'Yarta ke kwana da ita. Ita 'yar ce za ta fara lura uwarta ba ta iya zuwa bakin rijiya sai ta tsaya sau biyu, ta ga ta koma yin salla a zaune, ta ji busasshen tari cikin dare, ta ga ba ta iya kwanciya rigingine sai an tokare ta da matashi. Mai gida ya ce sanyin hunturu ne. Maƙwabciya ta ce fuka ce, ta kawo turare. Wani ya ce sammu ne. Mai kemis ya ba da maganin tari. Ita kuwa mara lafiya, da an tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi," don ta san abin da aka kashe a kanta. Haka za a yi ta yi har ranar da za a ɗauke ta ranga-ranga, a isa asibiti likita ya ce, "Ina kuka tsaya?"

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, da yawa daga cikin abubuwan da ke kawo wannan haki suna da magani in an zo da wuri. Gashin da a ke yi a ƙirji yakan taɓa huhu, ya sa shi kumburi tsakanin wata 1 zuwa wata 6 bayan an gama. Likitoci suna da ƙwayar da ke kwantar da wannan kumburi, amma in an bar shi yakan zama tabo wanda ba ya gogewa. Cikin alluran daji akwai wata ja, dokzorubisin, wadda a ke yawan yi wa masu dajin nono, takan raunana zuciya har ruwa ya taru a huhu, ƙafa ta kumbura. Akwai wata kuma, biliyomaisin, wadda ke iya ƙeƙasar da huhun kansa. Wani lokaci ruwa ne ke taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari, in likita ya zuƙe shi da allura mutum yakan sami sauƙi a ranar. Wani lokaci jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya taho ya toshe ta huhu, wannan kuwa yana kisa cikin sa'a guda. Wani lokaci ƙarancin jini ne kawai. Wani lokaci tsohon tarin tibi ne ya farka da ya ga jiki ya yi rauni, gwajinsa da maganinsa kuwa kyauta ne a asibitocin Gwamnati. Wani lokaci kuma, ba ma ɓoyewa, ciwon ne ya dawo.

Jama'a, ku duba. Sababi takwas ke nan, kowanne da maganinsa dabam, har ma maganin wani yana iya zama dafi ga wani, gama ƙwayar kumburin huhu in aka bai wa mai tibi ba tare da maganin tibi ba sai ta hura wutar ciwon. Ba mai rarrabe su da ido, sai da hoton ƙirji, da awon jini, da awon majina. Don haka sayen magani a kasuwar kan iyaka, inda a ke shanya ƙwayoyi a rana, ganganci ne.

To, wa zai kai labari? Wanda numfashi ya ƙure wa ba ya iya haɗa kalma biyar. Likita kuwa yana ganinsa minti goma ne, a zaune, bayan ya huta a kan benci. Mai jiyya, watau wanda ke zaune da mara lafiya dare da rana, shi ne ya ga jiya ya ga shekaranjiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma abu uku kan ɗaure bakinsa. Na fari kunya, musamman in mace ce gaban likita namiji, ko ɗan ƙauye gaban ɗan boko, ko wanda Dandanci ko Fillanci ya fi Hausa a bakinsa. Na biyu kara, kada a ce ya raina aikin waɗanda suka yi wahala da su. Na uku kuskuren fahimtar tawakkali, har a ɗauka komawa asibiti rashin yarda da ƙaddara ne. Malamai sun sha faɗa mana neman magani ba ya warware tawakkali. Kunya kuwa ado ce a wurinta, amma wadda za ta ci rai ba ta cikin tarbiyyar da iyaye suka ba mu.

Ya kamata kuma mai jiyya ya sani doka tana bayansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ya zo cikin halin gaggawa, ta kuma wajabta a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da hanyoyin maganinsa. A watan Yuli na 2018 Gwamnatin Tarayya ta fito da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, wadda ta ƙara jaddada a yi bayanin da harshen da mutum ke ji. Ashe wanda ya ce, "Likita, Allah ya ba ka nasara, ban gane ba, a sake yi mini bayani," bai yi rashin ladabi ba, haƙƙinsa ya nema.

Ga shawararmu ga masu jiyya. Kada ku baro asibiti sai da takarda mai ɗauke da sunan ciwon, da sunayen alluran da aka yi, da wurin da aka gasa, da ranar da aka gama, ku adana ta cikin leda kamar takardar gona. Ku sami ɗan littafi, in ba mai boko a rubuta da ajami. Kowace safiya ku ƙidaya numfashin mara lafiya na minti guda yana hutawa. Na babba mai lafiya yakan kasance tsakanin 12 da 20. In kuka ga yana hawa kullum, ko tafiyar da ya ke yi makon jiya ta gagare shi yau, lokacin tafiya ya yi. In kuwa ya kasa ƙarasa magana, ko ƙirji ya soke shi farat ɗaya, ko ya yi tarin jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko zazzaɓi ya rufe shi cikin makonnin da ya ke karɓar allura, to, kada a jira gari ya waye, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Kalmar farko da za ku faɗa a bakin ƙofa ita ce, "An yi masa maganin daji." A gida kuwa a nisanta shi da hayaƙin murhu da na ƙaiƙayin shinkafa, a zaunar da shi a jingine, a yi masa fifita a fuska, gama iska mai sanyi a fuska tana rage ƙuncin. Ku kuma magidanta, ku ba da izini da kuɗin mota tun kafin ku fita fatauci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga likitoci da malaman asibiti kuma muna da roƙo. Mun san wahalarku, mun san mutum ɗaya ke yin aikin goma. Wani zai ce in aka buɗe wa kowane mai jiyya baki, layi ba zai ƙare ba, kuma da yawansu tsoro ne kawai ke kawo su. Gaskiya ne, akwai masu zuwa a banza. Amma minti biyu na sauraro ya fi kwana goma a gadon gaggawa araha, kuma wanda ya sayar da akuyarsa ya yi tafiyar yini guda, da wuya a ce nishaɗi ya kawo shi. Ku tambayi mai jiyya abin da ya gani kafin ku tambayi mara lafiya abin da ya ji. Ku tuna kuma 'yar na'urar nan da a ke maƙala wa yatsa don auna iskar jini takan nuna fiye da gaskiya a jikin baƙar fata, kamar yadda binciken Jami'ar Mishigan ta Amurka ya bayyana a 2020. In na'ura ta ce lafiya, idonku ya ce ba lafiya, ku bi idonku. Wanda kuma ciwonsa ya wuce warkewa bai wuce a sauƙaƙa masa ba. Mofin kaɗan bisa awon likita yana kwantar da haki, bai kamata a bar bawan Allah yana kokawa da iska har ya cika ba.

Saura hukuma. Ba za mu ce ba a yi kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum fiye da 127,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu, Gwamnati kuwa ta farga. A 2021 aka fara asusun taimakon masu dajin nono da na bakin mahaifa da na ƙarƙashin mafitsarar maza, a asibitoci 6, na Zariya yana ciki. A 2025 aka buɗe sabuwar cibiyar maganin daji a Katsina. Jihar Kebbi ma ta yi suna a wannan fage, har a 2024 aka zaɓi Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon Gwamna, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta gaji shugabancin babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, ita ce ta fari daga Afirka. Wannan abin alfahari ne. Amma yawancin ƙoƙarin ya tafi ne wajen gano ciwo da yin magani, abin da ke biyo bayan sallama an bar wa 'yan mata da tsofaffi a ƙauye.

Abin da mu ke nema ba ya bukatar gina sabon bene. A tabbata kowane babban asibiti na yankin Bagudo yana da iskar oksijin dare da rana, da na'urar hoton ƙirji mai aiki, da wanda ya iya zuƙe ruwa daga ƙirji. Taron lafiya na duniya ya riga ya zartar a watan Mayu na 2023 cewa kowace ƙasa ta wadata asibitocinta da wannan iska. A ba kowane wanda aka sallama lambar waya wadda in an buga za a ɗauka. A koya wa malaman ɗakunan shan magani na ƙauye alamun da muka lissafa. A sa tafinta mai jin Faransanci ya karanta takardun waɗanda suka fara magani a Kandi ko Paraku. A kuma yi wa marasa lafiya tanadi a bakin iyaka, gama rufe iyakokin da aka yi a watan Agusta na 2019 ya koya mana ciwo ba ya jiran a buɗe ƙofa. Hakimai da dagatai da limamai su ma su taimaka, a kafa ɗan asusun mota a kowace gunduma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An kashe dukiya mai yawa, ta talaka da ta Gwamnati, kafin a fid da mutum ɗaya daga bakin wannan ciwo. Babbar hasara ce a rasa shi bayan haka don wanda ya ga alama ya ji nauyin magana, ko don ya yi magana ba a saurare shi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin.