Magarya da Dungas: Sabunin gida na rage tsada, amma sai an yi lissafi

A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, haɗa sabunin wanki a gida tsohuwar sana'ar mata ce. Tsadar rayuwa ta shekarun nan ce ta sake ɗaga darajarta. Tambayar ita ce: shin sabunin gida yana rage wa iyali kashe kuɗi da gaske?

Mafi yawan kayan masana'anta da ake sayarwa a wannan yanki daga Najeriya suke shigowa, ta iyakar jihohin Katsina da Jigawa. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A can Najeriyar ma masana'antun sun shiga wani hali. A watan Maris na 2023 kamfanin Unilever ya sanar da daina yin Omo da Sunlight a ƙasar, a watan Disamba kuma Procter & Gamble, mai Ariel, ya ce zai dakatar da sarrafa kayansa a can. Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa mai riƙe da sefa ƙarfi a kasuwar Maigatari, sai dai hauhawar farashi a Najeriya, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ta cinye wani ɓangare na wannan rangwame.

Haɗin kansa ba shi da wuya: mai, soda da ruwa. Kilo ɗaya na man gyaɗa ko man ja yana buƙatar kimanin giram 140 na soda, ya ba da sabuni kusan kilo ɗaya da rabi kafin ya bushe. Ke nan mai ne ke cin mafi yawan jarin. Yankin na noma gyaɗa da riɗi, amma duk kwalbar man da ta shiga sabuni an rage ta ne daga tukunyar miya ko daga abin da za a kai kasuwa. Bayan girbi, lokacin da gyaɗa ke araha, lissafin yana fita. Da bazara kuwa, idan mai ya yi tsada, sabunin gida kan kai farashin na kanti. Man ja kuma farashinsa yana bin kasuwar duniya, kamar yadda aka gani a watan Afrilun 2022 lokacin da Indonesiya ta hana fitar da shi na ƴan makonni.

Sabunin ruwa, wanda ake yawan koyarwa a tarukan horar da mata, lissafinsa daban ne. Sinadaran da ke sa shi kumfa duk daga masana'anta suke fitowa, don haka mai haɗa shi ba ta tsira daga matsalar iyaka da canjin kuɗi ba. Abin da ta rage shi ne kuɗin kwalba, talla da ribar dillalai.

Inda ribar ta fi tabbata shi ne a aikin haɗin gwiwa. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa mata na iya tara kuɗi su sari kaya da yawa a farashin sari. Haka kuma man ƴaƴan dogon yaro da na aduwa suna yin sabuni, na dogon yaro kuwa ba a cin sa, don haka ba ya gasa da abinci. Wahalarsu tana wajen tsinta, fasawa da matsewa.

Akwai kuma kuɗin da ba a sakawa cikin lissafi: haɗarin soda. Idan ta narke ba a bambanta ta da ruwan sha, kuma likitoci a ƙasashe irin su Saliyo da Gini sun sha ba da rahoton yaran da suka sha ta, maƙogwaronsu ya ƙone har suka kasa haɗiye abinci. Jinyar yaro ɗaya ta isa ta cinye ribar shekaru. Ƙa'idojin sanannu ne: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, ba a amfani da tukunyar alminiyam, a sa safar hannu, kada a ajiye ruwan soda cikin kwalbar lemo ko inda yaro zai kai hannu. Sabunin kuma a bar shi ya huta mako huɗu zuwa shida kafin a yi wanki da shi, in ba haka ba ya ci hannu.

A nan ne ma'aikatun magajin gari da ƙungiyoyin da ke horar da mata ke da aiki. Horo na kwana biyu ba ya wadatarwa idan ba a haɗa shi da sikeli, kayan kariya da koyar da ƙiyasin jari ba. Macen da ke auna soda da gwangwani, kuma ba ta san nawa kowane sabuni ya ci mata ba, tana iya yin asara alhali tana ganin tattali take yi.