Wa Zai Binciki Mai Binciken Kuɗi?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a Rano da Kibiya muna ɗaukar rigimar akantoci a matsayin maganar manyan Legas da Abuja. To amma in mun duba da kyau, maganar ta shafi aljihunmu.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1965 majalisar ƙasa ta kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN da doka. Dokar ta ba ƙungiyar ikon shirya jarrabawa, da yanke wanda ya isa a kira shi ƙwararren akanta. A 1979 waɗansu da suka ga an rufe musu ƙofa suka kafa tasu ƙungiyar, wato ANAN. Suka kai kukansu majalisa a zamanin Shugaba Shagari, ICAN kuwa ta yi tsaye tana adawa. Buƙatar ba ta zama doka ba har soja suka karɓi mulki a Disamban 1983. Sai a Agustan 1993 gwamnatin Janar Babangida ta amince da ANAN, ta hanyar dokar soja mai lamba 76.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. ICAN ta ce in aka sassauta, aikin zai lalace. ANAN ta ce bai kamata ƙungiya ɗaya ta mallake sana'a a ƙasa mai girma irin tamu ba. Mu dai mun ga amfanin buɗe ƙofar, domin kwalejin ANAN da ke kusa da Jos ta kawo wannan ilimi kusa da 'ya'yan Arewa. Sai dai duk tsawon gardamar, kan wa zai sa hannu a takardar lissafi aka yi ta. Mai kuɗin, wato talaka, ba a ji ta bakinsa ba.

A 2011 aka kafa hukumar gwamnati ta FRC don ta sa ido a kan rahoton kuɗi da masu sa masa hannu. Wannan mataki ne mai kyau, tun da ba a barin mutum ya zama alƙalin kansa.

Me ya sa muke ta da maganar? A ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Kuɗin rijiyar burtsatse, da maganin asibiti, da gyaran ajin firamare a ƙauyukanmu, duk ta hannun ma'aji da mai bincike suke bi. In mai binciken ya sa hannu a kan ƙarya, an ba kura ajiyar nama ke nan. Mu da muke sauraron rahoton baiko a ikkilisiya mun san darajar lissafi na gaskiya.

Ba laifi ba ne ƙungiya ta nemi alfarma a majalisa. Amma mazaɓar Rano, Bunkure da Kibiya tana da wakili a Majalisar Wakilai. Duk ranar da akantoci suka sake kai buƙata, mu tambaye shi: wane hukunci dokar ta tanadar wa akantan da ya rufa wa ɓarawo asiri, kuma a ina talaka zai karanta rahoton kuɗin ƙaramar hukumarsa? In babu amsa, kada ya ɗaga hannu da sunanmu.

Allah ya ba mu masu riƙon amana.