Tsoro Ne Aka Naɗa wa Rawani

Akwai wani karatu da ake biya mana tun muna yara, mu matasa masu bin Almasihu a Damargu: wai tawali'u shi ne ka yi shiru, ka ɓoye sunanka, in an tambaye ka addininka ka kama tari. Ni dai ban yarda ba. Wannan tsoro ne aka naɗa wa rawani.

Mu duba kalmomin, tunda su nake karanta a jami'a. Girma ba da shi ake yi. Wanda ya ɗauko ya ɗora wa kansa shi ne mai girman kai, rawanin tsiya. Mutunci kuwa daga mutum aka ciro shi, kamar shugabanci daga shugaba. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin kamannin Allah aka halicci ɗan Adam. To, digiri ba ya ƙara wannan, zagi ba ya rage shi.

Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari a Yamai. Wasu maƙwabta Musulmi suka ɓoye Kirista a gidajensu. Shugabannin ikilisiya suka fito fili suka ce sun yafe, aka koma sujada. Har yau akwai masu cewa rashin ƙarfi ne. Haba! Matsoraci gudu yake yi. Sai wanda ya san darajarsa yake iya tsayawa da sunansa ya ce ya yafe.

Amma 'yan'uwa, bulalar nan baki biyu gare ta. Ɗalibi ya zo hutu Gangara, uban da ya sayar da hatsin rumbunsa a kasuwar Tanut don karatunsa ya gaishe shi da Hausa, shi kuma ya amsa da Faransanci yana ɗaga hanci. Da mai ɓuya da mai ɗaga hanci ciwonsu ɗaya: idon mutane suke tambaya nawa ne kuɗinsu.

A Yohanna sura 13, Yesu ya san inda ya fito da inda za shi, sannan ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Sanin kai ne ya fara zuwa, durƙuson ya biyo baya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Saboda haka in damina ta kama, ajiye Faransancin ka ɗauki hauya. In kuma an tambaye ka wa kake bi, faɗa da murya, ba gori, ba rawar baki.