Kuɗin Gayauna Na Mai Gayauna Ne

Akwai maganar da ba mu so a ta da ita a taron ƙungiya, muna cewa sha'anin cikin gida ne. Ni kuwa ina ganin ta shafi littafin ƙungiyarmu.

Tun kaka da kakanni an san gandu, an san gayauna. Abin gandu yana hannun maigida domin ciyar da iyali, abin gayauna kuwa na mai ita ne. Mace ta noma gyaɗa ko riɗi ko citta, ta yi kiwon awaki da aladu. Da wannan take sayen magani da zane, ta ba da baiko ran Lahadi. Amma sa'ad da ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ba ta iya zuwa kasuwa, sai maigida ya ce, "Kawo in sayar miki." Alade ya tafi kasuwar Kafanchan, kuɗi ba su dawo ba. In ta tambaya, a ce ta cika mita. Wani a gidan burkutu yake ƙarar da su, wani ya biya bashin da ba ta san da shi ba. Macen da ta yi shekara 40 tana wahala sai ta koma roƙon kuɗin sabulu a gidan da ta gina. Ba za ta kai ƙara ba. Ina za ta? Iyayenta sun rasu, kuma ba ta so 'ya'yanta su ji kunya.

Ga inda hannunmu yake a ciki. Ƙungiyoyi da yawa sunan maigida kaɗai suke rubutawa. Buhun tsohuwa ya hau ma'auni, ma'aji ya miƙa kuɗin ga mijinta. Wani lokaci ma akan karɓi bashin taki da sunanta, takin ya tafi gandu, ranar biya a zo a kama akuyarta. A farkon 2023, da aka canja takardun naira kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma ta waya. Tsohuwar da ba ta da asusun banki, kuɗinta cikin asusun wa suka shiga?

Ba maza kaɗai ke yin haka ba. Akwai tsohon da idonsa ya mutu, katin fanshonsa yana hannun matarsa, bai san nawa ake biyansa ba.

Hukuma ta ba abin nan suna. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta lissafta danne wa mutum dukiyarsa cikin laifuffuka, da hukuncin ɗauri har shekara 2, ko tarar har naira 500,000. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Amma tsohuwar ƙauye ba za ta je kotu ba, mu ne kusa da ita.

Don haka ina roƙon kowane magatakarda ya rubuta mace da sunanta, da shafinta dabam. Kuɗin buhunta a ƙirga a hannunta a gaban shaidu biyu, ɗaya daga Zumuntar Mata. In ba ta iya zuwa, ma'aji ya taka ya je gidanta. Kada a ba da bashi da sunan kowa sai an karanta masa takardar da bakin da yake ji, ya yarda, ya dangwala. Dattawan ekklisiya kuma, in kun je gaishe da tsofaffi, ku sami zarafi ku tambayi Mama ita kaɗai, ba a gaban Baba ba.