Asalin Kalma: Sabulu

A wannan wata mun ɗauko kalmar da babu gidan da bai san ta ba, wato sabulu. Sau da yawa mukan ji wasu ƴan boko suna cewa wai daga bakin Faransawa muka tsince ta, tun da su savon suke cewa. Daga nan sai su yanke hukunci wai Hausa ba ta da abin kanta, sai aro. To, bari mu bi sawun kalmar mu ga inda za ta kai mu.

Da farko dai Faransawa ba su kaɗai ke da ita ba. Mutanen Italiya suna cewa sapone, na Sifen jabón, na Fotugal sabão, na Romaniya kuma săpun. Waɗannan harsuna uwarsu ɗaya, wato Latin, harshen Rumawan da. A Latin ana cewa sapo, wani lokaci saponem, gwargwadon matsayin kalmar a cikin jimla. Kowace ɗiya sai ta lanƙwasa ta yadda bakinta ya saba. Faransanci kan mai da "p" ta koma "v" idan ta faɗo tsakanin wasula, kamar yadda ripa, wato gaɓar kogi, ta zama rive. Haka saponem ta zama savon.

Abin mamaki shi ne ita ma Latin aro ta yi. Rumawa ba da sabulu suka saba wanka ba. Man zaitun suke shafawa, sannan su kankare shi tare da dauɗa da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Wani malaminsu mai suna Filini Babba, a littafinsa na tarihin halittu da ya kammala wajen shekara ta 77 Miladiyya, ya ce mutanen Gol ne suka ƙago sapo, wato mazauna ƙasar da ta zama Faransa a yau. Ya ce da kitse da toka ake haɗa shi, kuma amfaninsa rina gashi ya yi ja. Har ya ƙara da cewa a wajen Jamusawa maza sun fi mata shafa shi. Masana harshe da yawa suna ganin ita kalmar daga harshen Jamusawan da ta fito. Ashe abin da muke wanki da shi yau kayan kwalliya ne a wajensu.

Kalmar ba ta tsaya a Turai ba. Ta gangara gabas ta shiga Larabci ta zama sabun, kuma garuruwa irin su Halab da Nabulus suka yi suna wajen dafa sabulu da man zaitun. A Faransa ma, a shekarar 1688 Sarki Luwi na 14 ya kafa doka cewa masu sabulun Marsai kada su sa kitsen dabba, sai man zaitun zalla. Mu kuwa daga Larabawa muka karɓi tamu, kamar yadda Suwahili ya karɓi sabuni. Ke nan da savon da sabulu kakarsu ɗaya, kowace ta biyo hanyarta.

Ma'anar ma ta yi rassa. Idan Bafaranshe ya ce an yi masa passer un savon, faɗa aka yi masa, an wanke shi tas kamar yadda mu ma mukan ce. A Sifen kuwa dar jabón fadanci ne da daɗin baki. A Italiya idan aka kira yarinya acqua e sapone, wato ruwa da sabulu, ana nufin kyanta na Allah ne, ba na shafe-shafe ba.

Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga tufafi, amma kalma idan ta zauna a bakin mutane har suka haifa mata ƴaƴa, irin sabulun salo da sabulun wanka, ta zama ƴar gida. Idan aro aibi ne, to ya shafi Latin da Faransanci da Larabci kafin ya iso kanmu. Saboda haka kada yaranmu su ji kunyar harshensu a gaban kowa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.